Ledar da Ta Ƙi Ruɓewa

Da hantsi wani makiyayi ya shigo ofishin 'yan sanda, ya dire ƙullin abu mai wari a kan teburin Sufeto.

"Daga tumbin saniyata likita ya ciro shi, ranka ya daɗe. Ta huɗu ke nan da ta mutu. An ce mana ledar karan masara ce, ko dabba ta ci ba komai."

Sufeto ya san masana'antar da ke yin ledar. Shekara goma sha ɗaya wata injiniya ta yi tana dafa kara, tana tace zarensa, har ta fitar da leda mai ruɓewa a ƙasa. Shi kansa ya sha yabonta a gaban mutane, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Ya same ta a ɗakin gwaji, ya ƙyasta ashana. Ledar da ke kan teburinta ta ci wuta kamar takarda, ta bar toka. Ta cikin saniyar kuwa narkewa ta yi tana ɗiga, ga tambarin kamfanin ɓaro-ɓaro a jikinta.

"Wannan roba ce," in ji injiniya. "Ba aikina ba ne."

"Wa ke riƙe da makullin ɗakin inji?"

"Ni da ƙanena, manaja."

Manaja ya iso yana baza turare. "Ni aikina ofis ne, Yallaɓai. Rabona da ɗakin inji tun bara."

"Ɗaga ƙafarka."

Fararen ƙwayoyin roba sun maƙale a tsagin takalminsa.

"A ofis ɗin ake shuka waɗannan?"

Gumi ya keto masa. Ya juya ga 'yar'uwarsa. "Yaya, karanki kwana uku yake yi a tukunya, masu saye ba sa jira. Kaɗan nake zubawa, wallahi."

"Sunana ne a jiki," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Aka sa masa ankwa, wani kofur ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Sufeto ya ɗauko kwaɗo, domin doka ta ce a rufe wurin.

"Tawa ta gaskiya fa?" in ji injiniya. "Ka ga tokarta da idonka."

Takaici ya cika shi. Ya datse ƙofar.

"Na gani, ranki ya daɗe. Amma ba makiyayin da zai tsaya ƙyasta wa kowace leda ashana."