Ɗan Gora da Akushin Surukai

Ranar da Nataniyel ya fara haɗuwa da Zinariya, ƙafafunsa ne a sama, kansa a cikin ruwa.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya fara bi ta Malam Madori zuwa Nguru. Nataniyel saurayi ne ɗan Saliyo, 'yan mishan suka turo shi ya riƙe ɗan ƙaramin ɗakin shan magani a Tudun Ɓaure, wani ƙauye a bakin fadama can wajen Kaugama. A daminar nan kogin Haɗeja ya cika ya batse, hanya ta yanke, sai aka zo aka ce masa kurkunu ya kwantar da wata tsohuwa a tsallake. Kwalekwalen garin kuwa ya tafi cin kasuwa. Ya ga masunta suna kifa ciki a kan ƙaton gora suna ratsa ruwa hankali kwance, ya ce a ransa, shi da ya tashi a bakin teku, ai wannan wasan yara ne.

Ya ɗaure akwatin magani a ka, ya hau. Ko nisa bai yi ba goran ya juye da shi.

Da ya ɗago yana tari, sai ya ga wata budurwa tsaye cikin ruwa iya ƙugu, ƙwaryar bado na yawo a gabanta, akwatinsa a hannunta. Dariya take har da hawaye.

“Malam, ai gora ba doki ba ne, ba a zama a kansa. Kwanciya ake yi.”

“Na gani,” in ji shi da Hausarsa mai tsami. “Gora ya koya mini.”

Ta nuna masa yadda zai rungume shi, ta tura shi da hannu ɗaya. Ya isa tsallake lafiya, amma hankalinsa a wancan bakin ya bar shi.

Kafin wannan rana, kewa ta fara cin Nataniyel. Da safe ya yi addu'a shi kaɗai, ya wuni yana wanke gyambo, yana naɗe kurkunu a tsinke, yana ɗiga magani a idanun yara. Ran Lahadi ya yi sujada a ƙarƙashin tsamiya da 'yan gidajen Maguzawan da suka karɓi Kiristanci, waɗanda ba su cika tabarma uku ba. Ya sha tambayar Ubangiji ko dai kuskure aka yi wajen turo shi. Abokin hirarsa ɗaya, maƙwabcinsa Mala Shu'ibu, tsohon masunci mai jinin Barebari, limamin unguwa. Su yi ta gardamar addini har shayi ya huce, ba wanda ya taɓa ja da baya, kashegari kuma Mala ya aiko masa da kifi.

Lahadin da ta biyo bayan haɗuwarsu ya hango budurwar nan a tabarmar mata. Ashe Zinariya sunanta, 'yar Nomau ce, manomin shinkafa, dattijon masu bi, ba ta daɗe da dawowa daga wajen kakarta ba. Ya ɓata waƙa sau biyu a ranar, tsofaffi suka ɗauka zazzaɓi ne.

Ta shiga ajin karatun da yake yi da yamma. Da hannunta ya faɗa, sai allon da take maido masa ya fara zuwa da abin da ba shi ya ba ta ba. Wata rana ya juya bayan allon ya ga an rubuta:

“Ɗan Gora, yau ka sha ruwa ko ruwa ya sha ka?”

Ya goge, ya rubuta mata:

“Furen Bado, tun ranar nan ban fito ba. Har yanzu ina ciki.”

Ta karanta ta rufe fuska da gefen zane. Kashegari amsa ta zo: “To ka zo gidanmu a fito da kai.”

Daga nan aka samu matsala. Ita tana nufin ya turo manya. Shi kuwa ya ɗauki maganar yadda ta zo.

Ya goge kwat ɗinsa, ya shafa wa takalmi mai, ya nufi gidan Nomau shi kaɗai kamar mai zuwa duba mara lafiya. Ya shiga zaure da takalminsa, ya miƙa wa dattijon hannu yana kallon tsakiyar idonsa, ya zauna a gefensa kan tabarma ɗaya. Ko gama gaisuwa ba a yi ba ya ce, “Baba, ina son Zinariya. Ka ba ni ita.”

Nomau ya murtuke fuska. Iya, uwar Zinariya, ta aiko da akushin tuwon dawa da miyar kuka, don dai a fita hakkin baƙo. Duk saurayin da ya san kansa zai yi godiya ya kau da kai, don ba a cin abinci a gaban surukai. Nataniyel ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya cinye tas, ya suɗe yatsu. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida ya ce, “Iya, akwai ƙari?”

Aka ƙaro, ya cinye wannan ma. Ya koma gida yana ta yabon Ubangiji a hanya, wai ya yi nasara.

Zinariya ba ta zo aji ba kashegari, ba ta zo jibi ba. Da ya tare ta a hanyar rijiya, ko kallonsa ba ta yi ba.

“Furen Bado, me na yi?”

“Kada ka sake kira na haka, Malam. Da ba ka so na, ai sai ka faɗa mini ni kaɗai. Ba sai ka je ka wulaƙanta ubana a zaurensa ba. Duk unguwa ana ta yi da mu. Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da kunya, ba shi da kowa ba.”

Ta wuce. Bayan 'yan kwanaki ya fara ganin Ranau, ɗan ƙanen Nomau, yana tsayuwa a ƙofar gidan da yamma, da sabuwar hula. Nataniyel ya ji duniya ta yi masa zafi. Ya durƙusa a ɗakin magani tsakanin kwalabe ya ce, “Ya Ubangiji, ka kawo ni ƙasar da ko laifina ban iya ganewa ba.”

Da rana tsaka Mala Shu'ibu ya same shi zaune ya zabga tagumi. Ya sa shi ya ba da labarin tun daga farko. Da aka zo kan takalmi, Mala ya riƙe baki. Da aka zo kan akushi, ya ajiye carbi. Da aka zo kan ƙari, tsohon nan ya kwanta a tabarma yana dariya har rawaninsa ya warware.

“Ɗana, ka kashe ni! Ƙari fa ka ce?”

“Baba Mala, a garinmu in ka bar abinci a gidan surukai, ka zage su ne. Uwata ta hore ni a kan haka tun ina yaro.”

Mala ya daina dariya, ya tashi zaune. “Tsaya. Ba kai ne ka ce mini miyar kuka tana tayar maka da zuciya ba? Wadda na aiko maka bara ai kyanwa ka ba.”

“Har yanzu ba na sonta. Da ƙyar na haɗiye.”

Mala ya daɗe yana kallonsa, sannan ya fara naɗa rawani. “Gobe zan je. Ni ne ubanka.”

“Kai limami, ka nema wa ɗan mishan aure? Me jama'arka za su ce?”

“Za su ce Mala ya fita hakkin maƙwabci. Ba addininka zan shiga ba, kai ma na san taurin kanka, ba nawa za ka shigo ba. Amma ba zan zauna ina kallon yaron da ya wanke mini ƙafa da hannunsa ya rasa mata saboda tuwo ba.”

Ya tafi da goro da dattawa biyu. Nataniyel bai san abin da aka tattauna ba sai da Mala ya dawo. Ya ce da farko Nomau ya ƙi sauraro. Sai da ya gaya masa al'adar Saliyo, ya ƙara da cewa yaron nan ko warin miyar kuka ba ya so, akushi biyu ya danna don girman gidan kawai, sannan Nomau ya sunkuyar da kai. Amma bai ce e ba. Ya ce ranar yankan shinkafa akwai gayya a gonarsa, ya zo a ga kamun ludayinsa. Ya kuma ce shi tsoronsa kada a wayi gari jirgi ya ɗauke masa 'ya zuwa bayan teku.

“Me ka ce masa?”

“Na ce ka roƙi Turawanku su bar ka a nan, sun yarda. Ko ba haka ka faɗa mini ba?”

“Haka ne, Baba.”

“To saura kunya. Zauna in koya maka, tunda uwarka tana nesa.”

Ranar gayya, Nataniyel ya cire takalmi tun daga bakin gona. Da ya hango Nomau ya zube ƙasa ya gaishe shi, idonsa a kan laka. Aka ba shi lauje. Matsattsaku suka sha jininsa, tafin hannunsa ya yi bororo, Ranau ya wuce shi ya dawo ya sake wuce shi yana yi masa waƙar habaici. Bai tanka ba, bai kuma zauna ba. Da Iya ta ɓullo ta kan hanya, ya tuna karatun Mala, ya faɗa bayan damin shinkafa ya ɓuya, ƙafafunsa a waje. Mata suka yi ta ƙyalƙyala dariya, amma wannan dariyar ba irin ta da ba ce.

Rana ta take, aka sauke abinci a inuwar giginya. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Aka ajiye akushi a gabansa, Nomau na zaune kusa yana kallo. Nataniyel ya yi godiya, ya juya baya, ya ce a ƙoshe yake. Cikinsa ya ƙaryata shi da ƙugin da har Ranau sai da ya ji.

Nataniyel ya shiga addu'a a ransa.

Sai Nomau ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya yi magana kamar da iska yake. “Ku taso mu je mu dubo wancan gefen, na ga tsuntsaye sun sauka. Ranau, har da kai.” Ya ɗan yi gaba, ya tsaya bai waiwayo ba. “Zinariya, ki zauna ki tsare akushin nan. Kada in dawo in tarar da saura, surukina ba ya son a bar abinci.”

Suka tafi gaba ɗaya, ga shi ko tsuntsu ɗaya babu a gonar.

Zinariya ta matso ta buɗe akushin, ta tura masa.

“Ci, Ɗan Gora. Ba mai kallonka.”

“Kin daina fushi?”

“Tun ranar da Mala ya zo. Na ji komai ta bayan zana.” Ta sunkuyar da kai tana murmushi. “Akushi biyu saboda ni? Ka yafe mini, ban sani ba.”

“Ko goma ne zan ci, Furen Bado.”

“Rufa mana asiri, biyun ma ga inda suka kai mu.”

Bayan an kai amfanin gona gida aka yi bikin. Fasto ya zo daga Kano, aka ɗaura aure a ƙarƙashin tsamiyar nan, tabarmi suka kasa ɗaukar jama'a, har masunta suka zo da kifi. Ranau ma ya zo, shi ya fi kowa rawa. Mala Shu'ibu bai shiga sujada ba, ya zauna a inuwar gefe da carbinsa. Da aka tashi, ango ya zo ya durƙusa a gabansa, Mala ya dafa kansa.

“Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka. Ya sa 'ya'yan su yi kunyar uwarsu.”

Nomau ya ce amin da ƙarfi, ya ƙara da cewa Allah ya sa ƙasar nan ta riƙe surukinsa, ta zame masa gida.

Kashegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar amarya, aka miƙo akushi mai nauyi daga gidan Iya. Zinariya ta buɗe, ta dubi mijinta, ta fashe da dariya irin ta ranar farko. Ashe Nomau, don tsokana, bai taɓa gaya wa matarsa gaskiyar magana ba. Miyar kuka ce cike fal, da saƙon cewa tunda yaron yana so, kullum za a riƙa aikowa.

Nataniyel ya dubi miyar, ya dubi matarsa, ya dubi ɗan ɗakin da ya daɗe yana addu'a a ciki shi kaɗai. Ya kama hannunta suka yi godiya ga Ubangiji tare. Sannan ya naɗe hannun riga.

“Miƙo ruwan wanke hannu,” in ji shi. “In an zo karɓar akushi, ki ce wa Iya na gode, kuma ina neman ƙari.”