Ɓarawon Wayar Tagulla

"Ba zan kai Shitu kotu ba, Yallaɓai."

Shugaban ofishin 'yan sandan ya ɗago ya dubi Sufeto Husna. Ranar Laraba, ana tsuga ruwan la'asar, aka yanke wayar tarho ta tagulla daga turakun hanyar Kiru. Shi kuwa tuni ya sa aka kulle Shitu mai sayen tsofaffin ƙarafa.

"Umarni ne, Sufeto."

"Na ji. Amma da sanda Shitu yake dogarawa. Da wace ƙafar ya hau turke?"

Ta sara masa ta fita.

A gindin turakun ta tarar da sawun tsani a busasshen taɓo. Uba mai shayi ya rage murya ya ce, "Ranki ya daɗe, tsani mai wannan tsawo sai gidan Alhaji na ƙarshen gari, aminin maigidanku na ofis. Ɗansa Gwadabe ke yawo da shi. Ni dai ban faɗa ba."

Husna ta san gidan, katanga ce ta raba shi da wanda ta girma a ciki. Ta tuna lokacin da mahaifinta ya jawo musu intanet ta layin tarho. Da yake sun yi nisa da ofishin tarhon, hoto ɗaya sai ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan, ita da ƙannenta suna musun fuskar wa za ta fito. Marigayi mahaifin nata yana gefe yana musu dariya.

Gwadabe ya tarbe ta a falo, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Hajiya Sufeto, yau an tuna da talakawa? Ai Laraba ina nan zaune, muna hirar bidiyo da Yaya Ilham daga Madina."

"Da wayar hannu?"

"Ina sabis a unguwar nan? Da layin gida. Namu ai ba a taɓa shi ba."

"Ana ruwan? Bai yanke ba?"

"Ko sau ɗaya. Tar nake ganinta."

Husna ta yi murmushi. "Gwadabe, a kan layin nan na yi karatun digiri. Ko da rani bai iya ɗaukar bidiyo ba. Da an fara yayyafi kuwa sai ƙugi, sai ya mutu. Kai dai ba ka taɓa zama ka jira shi ba."

Ya sauke ƙafarsa.

"Wayar tana bayan rumbu," in ji shi. "Na ɗauka ba wanda zai damu da tsohuwar waya."

Kofur ɗin da ya rako ta ya sa masa ankwa, aka wuce da shi mota. Kafin magariba Shitu ya koma gida.

A makon nan aka mayar da Husna wani ƙauye can bayan Doguwa, aka cire sunanta daga masu ƙarin girma. Mahaifiyarta, da ba ta iya doguwar tafiya, ta zauna a nan Bebeji ita kaɗai.