Sunan Jaririn Marleny

Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci, tukunyar sancocho, wato romon nama da rogo, na tafarfasa a gidan Doña Hermelinda da ke garin Ibagué. Yolima na zaune tana fere rogo, saurayinta Ferney na gefe yana tsokanarta, sai wayarta ta yi ƙara. Tana ɗagawa fara'arta ta ɗauke.

"Daga asibiti ne. Wata yarinya ta haihu, ɗan bai zo da rai ba, kuma ba kowa a wurinta. Zan je."

Doña Hermelinda, mahaifiyar Ferney, ta dangwarar da ludayi.

"Yau ma?! Ba danginki ba, ba ƙawarki ba! Budurwa da ke, ba ki da aiki sai bin gawar jarirai?"

"Ba gawar nake bi ba, Doña. Iyayen nake bi."

Gyaran gashi ne sana'ar Yolima. Zaman da take yi da iyayen da suka rasa jarirai kuwa aikin sa kai ne, ita da wasu mata. Ta fara ne tun da yayarta ta yi irin wannan rashi, kowa ya ce mata ta manta, har shirun ya kashe mata aure.

Tana fita tsohuwar ta juya kan ɗanta. "Ka ga ƙanwarka Marleny da tsohon ciki? Kada yarinyar nan ta sake shigo min gida da inuwar mutuwa. Ko ta bar aikin nan, ko ka bar ta!"

Washegari Ferney ya zo shagonta a kan babur, fuska ba walwala, ya faɗa mata abin da mahaifiyarsa ta ce.

"Yoli, don Allah ki ɗan dakata, har a ɗaura mana aure. Kin san Mama..."

"In dakata? In ce wa uwar da za ta koma gida da zanin goyo ba ɗa, ta jira bikina?" Hawaye ya zubo mata. "Ina son ka, Ferney, ka sani. Gidanku ba zan taka ba tunda ta hana, kuma ba zan taɓa mayar mata da magana ba. Amma wannan aikin ba zan bari ba."

Ya dube ta ya ce, "To, ni ma ba zan bar ki ba." An ɗage biki. Ita ba ta yi ƙorafi ba, shi kuma bai daina zuwa ba.

Ana cikin haka Marleny ta haifi ɗa namiji, bai yi kwana biyu a duniya ba ya koma. Kafin a sallamo ta daga asibiti dangi sun kwance gadon jariri, sun ɓoye kayansa kaf. Kowa ya shigo sai ya ce, "Yi haƙuri, ke yarinya ce, za ki samu wani." Marleny ta juya fuska bango, ta daina ci, ta daina magana. Mijinta Duván sai ya zauna a tsakar gida yana kallon ƙasa, ba mai ce masa uffan.

Da abin ya ƙi ƙarewa, Ferney ya ɗauko Yolima da rana tsaka. Doña Hermelinda ta tare ƙofa.

"Bai ishe ki ba? Me kuma ya rage?"

"Doña, ki bar ni in gan ta. In na fito, ki zage ni son ranki, zan tsaya in ji."

Tsohuwar ta dubi ɗakin 'yarta, ta matsa gefe.

Yolima ba ta yi wa'azi ba. Ta zauna a bakin gado, ta riƙe hannun Marleny. Can ta ce, "Marleny, yaya sunansa?"

Marleny ta juyo a hankali. Tun ranar ba wanda ya tambaye ta.

"Tobías..." Sai kuka ya ƙwace mata. "Tobías! Gashinsa baƙi ƙirin, Yoli, yatsunsa sak na Duván!"

"Ba ni labarinsa. Duk ina son ji." Yolima ta ɗaga murya, "Duván, shigo mana! Kai ma uba ne, kai ma ɗa ka rasa."

Ƙaton namiji ya shigo ya durƙusa gaban matarsa yana kuka kamar yaro. Yolima ta sa aka fito da kayan jaririn, Marleny ta rungume wata 'yar hula a ƙirji. A ranar ta sha romo.

Yolima na fitowa ta nufi kicin, ta tsaya kamar yadda ta yi alkawari. Doña Hermelinda ta juya mata baya, tana kuka.

"Ni ma na taɓa rasa jaririya, Amparo sunanta," ta ce da dasasshiyar murya. "Kafin Ferney. Ko fuskarta ba su nuna min ba. Aka ce in tashi in dafa wa mijina abinci. Duk sanda na gan ki, sai in tuna ba wanda ya zauna da ni." Ta juyo. "'Yata, ki yafe min."

Yolima ta rungume ta. "Mama, zauna ki ba ni labarin Amparo."

Bayan 'yan watanni aka yi biki, tsohuwar da kanta ta buɗe rawa da amarya. Yanzu in waya ta yi ƙara ana cikin cin abinci, ita ce ke cewa, "Ferney, tashi ka kai matarka! Tsaya in zuba musu romo!"

Haƙurin Yolima bai faɗi ƙasa banza ba. Wanda ya yi rashi ba ya buƙatar a ce masa ya manta. Abin da yake so shi ne a zauna kusa da shi, a ambaci sunan wanda ya tafi.