Tirelar Da Ta Daki Gada

Da sanyin safiya aka bugo wa Sufeto waya. Wata tirela mai ɗauke da kwantena ta daki gadar jirgin ƙasa, wani ƙarfe ya ɓalle ya faɗo wa mai babur, ko shurawa bai yi ba.

Sufeto dama ba ya ga-maciji da direbobin manyan motoci. A ganinsa duk kanwar ja ce, ga ganganci ga taurin kai. Ya tarar jama'a sun yi wa direban jina-jina, da ƙyar Saje ya ƙwace shi. Direban wani dattijo ne da ake kira Dogo.

"Kai makaho ne?" Sufeto ya daka masa tsawa. "Ba ka ga allon da aka rubuta tsayin gada ba?"

"Ranka ya daɗe, shekara da shekaru nake bi ta nan da motar nan. Ko gogar gadar ban taɓa yi ba."

"To yau gadar ce ta sunkuyo ta gaishe ka? Saje, kai shi bayan kanta!"

Sai ga mai motar, shi da babban ɗansa, wanda shi ne manajan kamfanin. Manaja ya shiga kumfar baki: "Ƙwaya yake sha, Yallaɓai! Tuni na ce Baba ya kore shi."

Sufeto ya tsani mai ba da amsa tun ba a tambaye shi ba. Ya zagaya motar.

"Me ta ɗauko?"

"Tayil ne, cike maƙil. Ni na rufe ta da hannuna," in ji Manaja.

Sufeto ya durƙusa. Tayoyin sun tsaya ƙyam, ba alamar nauyi ya danne su. Mota mai cike da tayil kuwa ai zaunawa take yi. Ya sa aka fasa kwaɗon. Kwalaye ne jere a bakin ƙofa har sama. Da aka janye su, bayansu wayam!

"Ɓarawo!" Manaja ya yi ihu. "Ashe a hanya ya sayar!"

A ofis Sufeto ya sa aka fito da Dogo, ransa a ɓace.

"Ina kayan mutane?"

"Wallahi a rufe aka ba ni ita, ba ni da makulli."

"Kada ka raina mini hankali! Tsohon direba kamarka bai ji mota ba nauyi ba?"

"Na ji. Tun a bakin get na ce yau motar kamar za ta tashi sama. Manaja ya ce sabis aka yi wa injin jiya, in daina surutu in kama hanya."

Sufeto ya nufi garejin kamfanin. Makanike ya rantse an yi sabis, amma idonsa na ƙasa. Sufeto ya ja shi har bakin gadar inda motar take, ya zaro sandar awon man inji. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

"Wannan ne sabon man? Ka san hukuncin mai rufa wa kisa asiri?"

Nan take makanike ya fasa ƙwai. "Manaja ne ya ce in faɗi haka. Jiya da yamma ya fita da motar da kansa, wajen gidan da yake ginawa."

A can kuwa aka tarar da kwalayen jibge a falo, magina har sun fara shimfiɗawa.

Sufeto ya zaunar da uba da ɗa a ofishinsa, ya dire kwali ɗaya a kan tebur, ya dubi Manaja.

"Da kaya motar ke wuce gadar, da 'yar tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Ka sauke nauyin, mota ta ɗaga, ka tura bawan Allah da ƙaryar sabis."

Manaja ya fashe da kuka. "Tayil kawai na ɗiba! Na yi niyyar in ce a hanya aka sace. Wallahi ban san za ta ɗaga ba. Baba, ka yi magana mana!"

Uban ya juya fuskarsa bango. Saje ya danna wa Manaja ankwa ya tasa ƙeyarsa.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Dogo ƙofa. Kunya ta kama shi, amma ba mutum ba ne mai iya ba da haƙuri.

"Tafi gida. Ba ka da laifi."

Dogo ya leƙa waje. Dangin mamacin na tsaye cirko-cirko a bakin get, matar marigayin a gaba da goyo, wasu riƙe da duwatsu.

"Ranka ya daɗe, su ka gaya musu?" in ji shi. "Ni suka gani a sitiyari."

Ya koma ciki ya zauna a kan benci.