Kwamfutar Marigayi Yahya

Ranar da Mardiyya ta fara shiga shagon Sharfaddeen mai gyaran kwamfuta, kusa da tashar motocin Mai'adua a Daura, rungume take da kwamfuta cikin hijabinta kamar mai ɗauke da jariri marar lafiya. Ya ɗago ya amsa sallama, idonsa ya faɗa cikin nata.

"Malam, ta ƙi tashi," ta ce. "Don Allah duk abin da za ka yi, kada ka goge abin da ke ciki."

Kwamfutar ta yayanta Yahya ce, wanda ya rasu bara a hatsarin babur a hanyar Kongolam. Shi ne ɗan fari, don haka Inna, mahaifiyarsu, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yarda a kama ta tana kallonsa ba. A cikin kwamfutar akwai bidiyon da ya ɗauki kansa ranar Sallah, yana tsokanarta tana korarsa da muciya. Kullum bayan la'asar sai ta sa an kunna mata, ta yi ta kallon da kunya ta hana ta yi yana raye. Tun da na'urar ta tsaya, da ƙyar Inna ke cin abinci.

Sharfaddeen ya danna. Fanka ta juya, allo ya yi haske, sannan ya koma baƙi. Ya cire batir, ya canza caja, ya buɗe cikin ya goge ƙura. Duk a banza. Da ya kara kunne, sai ya ji wani ƙas-ƙas daga faifan ajiya, inda komai na kwamfuta ke zaune. Ya san faifan da ya fara wannan kukan ba kasafai yake tashi ba.

Ya dubi fuskarta ya kasa faɗa.

"Ki dawo gobe," ya ce, maganar da kowane mai gyara ya gada.

Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako. Ba zama ya yi ba. Ya jona faifan a wata kwamfutar, bai nuna ba. Ya kai shi Kano wurin waɗanda suka fi shi, suka girgiza kai. Ita kuwa tana zuwa tana tsayawa bakin ƙofa, har tambayar gyara ta koma hira, hirar ta koma saƙo.

"Diyyata, kin ci abinci kuwa? Idan kika rame, wa zai lallashi Inna?"

"Na ci, Sharfu na. Kullum ina ce mata ta kusa ganinsa. Kai ne fatanmu."

Wannan saƙon ya fi duka ciwo a wurinsa.

Magana ba ta daɗe ba ta kai kunnen mahaifinta, Malam Sada. Ya ce 'yarsa ba za ta zama mai tsayuwar bakin tasha ba, kuma shi bai san asalin yaron ba. Musaddiq, ɗan ƙanwarsa mai fatauci a Mai'adua, wanda ya daɗe yana son Mardiyya, ya sami ƙofa. Ya zo da sabuwar kwamfuta a kwali.

"Gyaran yini guda ne fa," ya ce mata. "Da gangan yake jan ki don ki yi ta zuwa."

Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta rubuta: "Ashe da hawayen Inna kake zance da ni? Ka aiko mana da kayanmu. Na haƙura da kai."

Bai aika kowa ba. Ya sa sabon faifai, kwamfuta ta tashi lafiya lau, ya ɗauke ta da kansa zuwa gidansu. A zaure ya durƙusa gaban Malam Sada ya kunna ta. Allo ya kawo tas, babu komai a ciki.

"Baba, kwamfuta ta tashi, amma bidiyon ya tafi. Tun ranar farko na yi zargin haka, tsoro ya hana ni faɗa. Na nema iya ƙarfina ban samu ba. Ku yafe mini."

Ashe Inna na tsaye bayan ƙofa, Mardiyya na riƙe da ita.

"Yahya ya tafi ke nan," in ji Inna. "Yahya na."

Malam Sada ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Tun da aka haifi yaron bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta yi kukan da ta shekara tana haɗiyewa, da ta gama ta ce a ba ta kunu.

Bayan kwanaki, da Malam Sada ya gama bincikensa, ya aika aka kira Sharfaddeen.

"Wanda ya iya kawo mummunan labari da ƙafarsa ba zai ɓoye mini halin da 'yata ke ciki ba. Turo magabatanka. Amma 'ki dawo gobe' ta ƙare daga yau."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Na zarge ka, Sharfu na. Ka yafe mini."

"Ni ne da laifi, Diyyata. Daga yau ko gaskiyar mai ɗaci ce, daga bakina za ki fara ji."

An ɗaura aure bayan Sallah babba, ba kiɗa ba taro mai yawa. Da za a tafi da amarya, ango ya shigo ya durƙusa gaban Inna. Ta dube shi ido cikin ido, ta daɗe ba ta kawar da kai ba.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya," ta ce. "Ke kuma Mardiyya, idan Allah Ya ba ki ɗan fari, ki kalle shi tun yana gabanki."