Don Wasa Na Ɗauko Abin Nan

A shagon gyaran kwamfuta da ke bayan tashar Makarfi Mu'awiyya ya fara ganin Raudatu. Malamar firamare ce daga Nasarawan Doya, ta zo a buga mata tambayoyin jarrabawa. Firinta ta ƙi aiki, ya durƙusa yana fama da ita. Da ya ɗago, sai ya ga ta ja kujera gaban kwamfutar shagon, tana tseren mota a wasan da ya manta bai rufe ba. Har ta wuce makin da ya daɗe yana taƙama da shi.

Ta janye hannu da sauri, ta rufe baki da mayafi.

"Don Allah kada ka faɗa wa kowa. A kwaleji na koya. In Baba ya ji, ban san inda zan sa kaina ba."

"Wa zan faɗa wa an kayar da ni a shagona?" in ji shi.

Daga ranar ya sa mata Direba, ita kuma tana ce masa Injiniya. Kafin damina ta faɗi ya aika kawunsa wurin mahaifinta, Malam Inuwa, mai karantar da littattafai a zaure, aka ba shi izinin zuwa zance.

Sai ga Zakiyyu, ɗan aminin Malam, ma'aikaci a Zariya, ya aiko mata da laftof sabuwa dal. Raudatu ta mayar masa da abinsa, amma labarin ya tsaya wa Mu'awiyya a wuya. Ya ƙudurta zai haɗa mata kwamfutar tebur da hannunsa, ta riƙa buga aikin makaranta, ta kuma yi tserenta a ɗakinta.

Akwatin, wani ofis ne ya yar, ya goge tsatsar ya shafa baƙin fenti. Fankar daga wata matacciyar kwamfuta ya ciro. Katin hoto, wanda ke sa wasa ya tafi ba tangarɗa, shi ya fi ba shi wahala, sai da ya yi mako uku yana cigiya kafin ya samu na hannu mai lafiya. Duk ɓangaren da ya ɗaura sai ya tuna laftof ɗin Zakiyyu, ya ji kunya ta rufe shi.

Ranar da ya gama ya tura mata saƙo: "Direbata, yau na gama. Kin san tun farko don wasa na ɗauko abin nan. Kada dai Baba ya ji."

Wayarta tana caji a zaure, kusa da buzun Malam. Saƙon ya haska, ido kuwa ba shi da linzami. Duk wanda ya haifi 'ya mace ya san abin da zuciyar dattijon nan ta yi a lokacin.

Bayan la'asar aka kira Mu'awiyya. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi doguwar gaisuwa, ba a amsa ba.

"Da 'yata kake wasa?" Malam ya tura masa wayar. "Karanta. In akwai wata ma'ana, faɗa mini."

Ma'anar tana bakinsa. Amma in ya faɗa, ya tona abin da ta roƙe shi ya rufe. Ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga a tabarma.

"Allah ya huci zuciyar Malam."

"Tashi. Kada in sake ganin babur ɗinka a ƙofar nan."

Bai kai Makarfi ba saƙonta ya shigo: "Injiniya, me ya hana ka faɗa masa gaskiya?"

Ya tsaya a gefen gonar rake ya rubuta: "Amana kika ba ni, Direbata. Ba zan sayi aurena da kunyarki ba."

Washegari da ta je gaishe da mahaifinta, ba ta tashi ba. Idonta a ƙasa, ta faɗi komai. Malam ya daɗe yana jan carbi.

"Ya kawo abin in gani."

Mu'awiyya ya ɗauro kwamfutar a bayan babur, ya naɗe da bargo. Ba wuta, aka aro janareton maƙwabci. Ya jona wayoyi, ya danna. Fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya sake dannawa. Shiru. Ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Daga bayan ƙofar cikin gida wata murya ta ce a hankali, "Wayar allon, a katin hoto ake sa ta. Ramin ƙasa."

Ya mayar. Haske ya kawo, ga jar mota a bakin layi.

Malam ya matso, ya sa farce ya ɗan kankare fentin. "Sabuwa ce?"

"A'a, Malam. Duk tsince-tsince ne. Abin da ƙarfina ya kai ke nan."

"Kuma ka gwammace in kore ka da ka fallasa ta." Ya shafa gemu. "Shekara talatin ina hana ɗalibai fassara jimla ba su ga abin da ya gabace ta ba, sai ga shi na yi da saƙon da ma ba nawa ba. Ka yafe mini. Raudatu, shigo ki tuƙa in gani."

Ta tuƙa, fuska a lulluɓe, ta zo ta ɗaya.

"Sharaɗi guda," in ji Malam, yana danne murmushi. "In an kira salla, a faka motar."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidansa. Shi da kansa ya yi addu'ar: Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya rufa musu asiri kamar yadda suka rufa wa juna. Jama'a suka shafa.