Kukan Jiƙaƙƙen Yashi

Ranar da Hlengiwe ta fara ganinsa, dariya ce ta kusa kufce mata.

Watan Disamba ne, bakin tekun Mthwalume ya cika da 'yan hutu. Tana zaune ƙarƙashin laimarta tana sayar da gasasshiyar masara da abarba, sai ga wani dogon saurayi da sabon gajeren wando, riƙe da wata sanda mai faifai a ƙasa, yana kaɗa ta dama da hagu kamar mai shara. Sandar ta yi ƙara, ya durƙusa ya haƙa, ya ciro murfin kwalba. Ya ƙara gaba, ya sake ciro wani.

"Bhuti, ɗan'uwa, in murafai kake so, akwai su cike da bokiti a bayan shagon can," in ji ta.

Ya ɗago yana share gumi. "Sisi, 'yar'uwa, ki yi min uzuri. Yau kwanana biyu da fara neman arziki."

Sunansa Sabelo Mabaso, makanikin bas ne a Johannesburg. Na'urar neman ƙarfe ce ya saya ta hannu don ya ji daɗin hutunsa. Ya sayi masara ɗaya, ya tsaya cinta a gabanta har ta ƙare, ya sayi ta biyu ba don yunwa ba.

Daga nan ya gangara wajen baƙaƙen duwatsu, inda ruwa ke jiƙa yashi ya koma. Yana ɗora faifan, na'urar ta ɓarke da wani siririn kuka mai yankewa, kamar na mutumin da ke son magana numfashi ya hana shi. Ya haƙa, babu komai. Ya matsa, kukan ya bi shi.

Bai ji zuwanta ba. Juyowa kawai ya yi ya gan ta a bayansa, fuskarta ta sauya.

"Me take ji a nan?"

"Ƙarfe, ina tsammani. Amma ban ga komai ba."

"A nan aka yi wa babana ganin ƙarshe."

Shekara bakwai ke nan. Lokacin sanyi ne, kifin sadin ya cika gaɓa, Baba Cele ya ɗauki komarsa da safe ya sauka, bai dawo ba. Ba gawa, ba ko takalmi. Wasu suka ce teku ce ta ɗauke shi. Wasu suka rantse sun gan shi a tashar Durban da wata mace. A hannunsa akwai agogon ƙarfe da kamfanin rake ya ba shi, da sunansa a baya.

"In agogon na nan, za ta ji shi?"

"Za ta ji," in ji Sabelo, don a lokacin haka ya ɗauka.

Tun daga ranar, duk safiya in ruwa ya janye sai su haɗu. Shi yana kaɗa sanda, ita tana haƙa da ƙaramin shebur. Ta sa masa suna Mai Sanda. Shi kuma in ya ce "Hlengi na" sai ta sunkuyar da kai tana tona yashi da yatsan ƙafa.

A kwana na huɗu ya bincika a wayarsa. Amsar ba ta da tsawo: irin wannan na'ura mai araha ba ta jure gishiri, duk inda yashi ya jiƙe da ruwan teku sai ta yi ta kuka ko babu komai. Yana cikin karantawa saƙonta ya shigo:

"Mai Sanda, shekara bakwai ban iya kallon duwatsun nan ba. Yanzu ina ɗokin gari ya waye. Ina jin kamar Baba ya san na zo."

Ya rubuta gaskiya, ya goge. Ya sake rubutawa, ya goge. Daga ƙarshe abin da ya tura shi ne: "Ƙarfe shida ina nan, Hlengi na. Ki zo min da masara mai taushi."

Kafin hutunsa ya ƙare ya ce mata yana son turo manyansa. Ta kai maganar gida, mahaifiyarta MaShezi ta saurara har ƙarshe.

"Su zo wurin wa?" ta tambaya. "A wurinmu uba ke karɓar shanun sadaki. In yana raye, a zaunar da shi a tambaye shi. In ya mutu, a je inda ya faɗi a ɗauko shi a kawo gida, a ƙona masa turare a gaya masa. Naki uban yana ina? Wanne zan yi?"

"Mama, shekarata ashirin da shida."

"Ko hamsin ce. Ba zan aurar da 'yar mutum a bayan idonsa ba."

Sai Hlengiwe ta ba ta labarin kukan da na'urar ke yi a wajen duwatsun. Washegari tsohuwar ta yafa mayafi ta bi su. Rabonta da taka yashin nan tun ranar da mijinta ya ɓace.

Sabelo ya ga zuwanta. Ya kunna na'urar. Kukan ya tashi. MaShezi ta durƙusa a cikin ruwa da zanenta, ta kai kunne kusa da faifan.

"Cele," ta ce a hankali. "Kai ne? Sanyi kake ji?"

A nan ne Qhawe ya sauko daga kujerarsa. Shi ne mai tsaron masu iyo, kuma shekara uku yana bin Hlengiwe tana kaucewa. Ya ɗebo ruwan teku a bokiti, ya haura can sama inda yashi ya bushe, inda yara ke ƙwallo, ya sheƙa. Ya karɓi sandar ya ɗora a wurin.

Kukan ya tashi, iri ɗaya sak.

"To, Mama, ga shi nan ma," in ji Qhawe. "Gishiri ne. Kowane baƙo da ya zo da irin wannan tarkacen haka take yi masa. Ɗan birni ya mayar da ku abin wasa."

MaShezi ta miƙe, ruwa na ɗiga daga zanenta. Ba ta kalli kowa ba, ta kama hanyar gida.

Hlengiwe ta dubi Sabelo. "Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na huɗu. Tsoro na ji ki daina zuwa."

"Ka bar uwata ta durƙusa wa gishiri."

Ta ajiye shebur ɗin a gabansa ta tafi.

Ya koma Johannesburg. Saƙonninsa suna shiga, ba amsa. Na ƙarshe ya ce: "Ba zan ce ki yafe min ba. Na ce miki za a nemi agogon, kuma ban nema da gaske ba. Zan dawo in nema."

Watan Yuni ya dawo, tsakiyar sanyi a ƙasarsu, bayan wata iska mai ƙarfi ta kwashe yashin gaɓa har duwatsun ƙasa suka fito. Wannan karon ya aro na'ura ta gaske wadda gishiri ba ya ruɗa ta, kuma ya koyi aiki da ita. Ya kafa tsinkaye ya raba gaɓar layi-layi, daga baƙaƙen duwatsu har bakin kogi. Ba 'yan hutu, ba laima, sai hazo da tsuntsayen teku. Sabuwar na'urar shiru take yi, shirun da ya fi kukan tsohuwar nauyi. Wani lokaci sai ya ji kamar ana tafiya a bayansa. In ya waiwaya, sawunsa kaɗai zai gani ruwa na cika shi.

A kwana na biyar ya tarar da gorar shayi a kan dutse, da zafinta. Da rana saƙon Hlengiwe ya shigo: "Ka sa safar hannu. Daga nan ina ganin yatsunka sun fashe."

A kwana na bakwai Baba Ƙarami ya zo, ƙanen Baba Cele. Ya waiga hagu da dama, ya buɗe wani tsumma. Agogon ƙarfe ne ya dafe, da suna a baya.

"A ina ka samo shi, Baba?"

"A Port Shepstone na saye shi. Na sa an rubuta sunan, na jiƙa shi a ruwan teku wata guda." Ya tura masa. "Gobe ka tono shi a gabansu. Matar yayana ta huta, yarinya ta yi aure, kai ka samu mata. Wa aka cuta?"

Sabelo ya riƙe agogon ya daɗe yana kallo. Ba wanda zai gane. Layi biyu suka rage masa, kuma ya riga ya san babu komai a cikinsu.

"Baba, na taɓa sa ta durƙusa wa ƙarya sau ɗaya."

"Kai dai sakarai ne, ɗan Mabaso. Haka za ka koma gwauro."

"Wataƙila," in ji shi, ya mayar masa.

Ranar da ya gama, ya hau tudu zuwa gidan da buhu a kafaɗa. Ya tsaya a bakin shinge har aka ce ya shigo. Ya juye buhun a kan tabarma: darmar masunta, makullai, cokula, ƙugiyoyi masu tsatsa. Hlengiwe na tsaye jikin ƙofa.

"Mama, na bi ko'ina, taku bayan taku. Ban samu ba. Ba ni da abin da zan ba ki."

MaShezi ta sa hannu tana juya tarkacen.

"Kullum daga nan nake kallonka," ta ce. "Shekara bakwai kowa na kawo min labari. Wannan ya gan shi, wancan ya yi mafarki, mai duba ya ce in kawo akuya. Kai kaɗai ka hau tudun nan ka ce ba ka samu ba."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Cele ba ya Durban. Mutumin da ko gidan biki ba ya iya kwana, sai ya dawo ya ce gadon mutane na cizonsa? Tun ranar na sani. Jira nake wani abu ya faɗa a madadina, don kada ya fito daga bakina." Ta juya ga 'yarta. "Mntanami, 'yata, babanki ya rasu. Teku ce. Je ki kira min Baba Ƙarami."

Ranar Asabar da hantsi aka je ɗauko shi. Baba Ƙarami ya riƙe reshen magaryar kura, wanda a al'adarsu da shi ake ɗauko ruhin mamaci, ya tsaya gaban baƙaƙen duwatsu. MaShezi ce ta yi kiran.

"Cele, mun zo. Ka daɗe a cikin sanyi. Taso mu tafi gida, 'yarka za ta yi aure."

Iska ta tsaya. Wata igiyar ruwa ta taho a hankali, ta wuce inda sauran ke tsayawa, ta shafi ƙafafunsu, ta koma.

Suka juya, ba mai waiwaye, ba mai magana sai mai riƙe da reshe, shi ma da mamacin kaɗai. "Yaya, ga layin dogo za mu tsallaka. Yaya, ga titi, bari motar nan ta wuce. Ka ga shagon nan sabo ne, bayanka aka gina." Hlengiwe ta toshe baki da hannu tana kuka mara sauti. Sabelo na can baya, nesa da dangi, don shi ba ɗan gida ba ne tukuna.

"Yaya, ga ƙofarka. Shiga."

Bayan wata biyu manyan Mabaso suka tsaya a bakin shingen suna kiran sunayen kakannin Cele, aka buɗe musu. Aka yi biki da bazara, garin duka ya hau tudun, har Qhawe ya zo ya ci nama ya yi rawa.

Kafin a fita da amarya, MaShezi ta shigar da su biyun ɗaki inda turare ke tashi. Ta kama hannun Sabelo ta ɗora a kan na Hlengiwe.

"Cele, ga mijin 'yarka. Ya yi mana laifi, ya kuma gyara da hannunsa. Ka bi su inda za su, ka tsare musu hanya." Sannan ta dube su. "Ku je. Allah ya ba ku gida mai ɗumi, da 'ya'yan da za su san inda ubansu yake."

Hlengiwe ta matse hannunsa.

"Hlengi na," ya ce ƙasa-ƙasa, "kuka kike yi?"

"Hayaƙi ne, Mai Sanda. Mu je, ana jiranmu."